Tashe, yawon Sallah da yara biyar a kan kabu-kabu ɗaya

Duk ƙarshen watan Oktoba sai an yi wannan rigimar a Facebook, wani ya ɗora hoton yaran Turawa a bikinsu na Halowin sun yi shigar dodanni suna bi gida-gida ana ba su alewa, sai a taru a ƙasan hoton ana ta cacar baki, wasu na cewa bikin shaiɗanu ne wasu na cewa ai tashe ne irin nasu. Ni dai ba ruwana da bikin, ba namu ba ne kuma ban ga wanda ke shirin kawo mana shi Sakkwato ba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Turawan nan sun zauna sun ƙirga yaran da mota ke kashewa a wannan daren guda ɗaya, sun fitar da ƙa'idoji a kai, mu kuma da muke sakin namu yaran kan titi tun daga goma ga azumi, ga ƙaramar Sallah ga babba, iyakarmu mu ce Allah shi tsare mu juya mu koma cikin gida.

Halowin ɗin nan ranar 31 ga Oktoba ake yinsa. A 2018 wata mujallar likitocin yara ta Amurka, JAMA Pediatrics, ta buga wani bincike da aka duba bayanan haɗurran mota na shekara 42, daga 1975 zuwa 2016. Abin da suka yi mai sauƙi ne, suka ɗauki yammacin ranar bikin daga ƙarfe 5 zuwa sha biyun dare suka gwada shi da irin wannan yammacin na satin da ya wuce da na satin da ke biye. Sai suka ga mutuwar masu tafiya a ƙasa ta ƙaru da kashi 43 cikin ɗari, amma inda abin ya fi ɗaga hankali yara 'yan shekara 4 zuwa 8, su haɗarin nasu ninkawa yake har sau goma. Kuma fa wannan a ƙasar da ke da hanyar masu tafiya a ƙafa daban a gefen titi, ga fitilu ga wurin tsallakawa an shafa masa fenti, direba na tsoron ɗan sanda. To ina ga titin Maiduguri na nan Sakkwato da magariba ranar Sallah?

Ƙa'idojin da hukumominsu ke maimaitawa kowace shekara ba wasu abubuwa ba ne masu wuya. Yaron da bai kai 12 ba kar ya fita sai da babba. A ba shi tocila ko a manna masa abu mai ƙyalli a riga da jaka don direba ya hango shi. Maimakon abin rufe fuska da ke tare masa gani ta gefe gara a shafa masa fenti. Kar ya ɓullo daga tsakanin motoci biyu da ke fake. Direba kuma ya rage gudu a cikin unguwa, ya kunna fitila tun da sauran haske, in yara ya ɗauko ya sauke su ta ɓangaren da ba titi ba, kuma ko daga wannan gida ne zuwa na gaba a ɗaura masu bel. Shi ke nan fa. Da na karanta sai na ga kusan kowane ɗaya akwai ɗan'uwansa a nan wurinmu, sai dai namu ya fi nasu muni.

Ɗauki tashe. Yaro ya shafa gawayi ko toka a fuska, ya manna gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya yi tumbi, ya ɗauko tsohuwar rigar babansa da ke ja masa a ƙasa, abokansa na biye da gwangwanaye suna kaɗawa, kuma duk wannan bayan an sha ruwa ne, cikin duhu. In an ba su sadaka a wani shago da ke tsallaken titi ba wanda ke duba dama ko hagu, gaba ɗaya suke kwasa da gudu, na ƙarshensu kuwa wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ne ke faɗawa titi lokacin da manyan sun riga sun haye, idonsa na kan bayan yayansa ba kan mota ba. Duk wanda ke tuƙi a Mabera ko Tudun Wada ko cikin gari wajen Kanwuri da azumi ya san wannan yaron na ƙarshe. Fitilun sola da aka kafa a manyan tituna sun taimaka ba ƙarya, amma tashe ai a lungu ake yinsa da bakin lungu, inda mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, ke shigowa da fitilar da ba ta fi ta waya haske ba, wani ma babu ita sam. Sannan azumi na ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya fara shigowa lokacin hazo, ƙura ta haɗu da duhu ta haɗu da yaro mai baƙar fuska da baƙar riga.

Ba na cikin masu cewa a hana tashe. Mun yi, mun ji daɗinsa, kuma wallahi ya fi yaro ya kwana yana danna waya. Abin da nake cewa a sa babba ɗaya a cikin kowace tawaga, babba na gaskiya ba ɗan shekara goma sha ɗaya da aka naɗa shugaba don ya fi su tsawo ba, a ce masu iyakarku unguwar nan ba tsallaka kwalta, a ba na ƙarshe tocila. Farin hula ko farar riga a saman kayan tashen ma wani abu ne.

Yawon Sallah shi ne babbar maganar. Da zafin Sakkwato ba mai sakin yaro da tsakar rana, sai an yi la'asar rana ta yi sanyi sannan a yi masu wanka a shirya su, wato suna fita wajen ƙarfe biyar suna dawowa bayan magariba ko isha'i, daidai lokacin da ido ke ruɗewa, ba rana ba dare, direbobi rabi sun kunna fitila rabi ba su kunna ba. Ga sabon takalmi da aka sayo da girma don ya kai baɗi yana fita daga ƙafa, yaro ya tsaya tsakiyar titi ya koma ɗaukowa. Ga baƙin tabarau na roba da ake sayar masu ranar Sallah, yaro ba zai cire shi ba ko duhu ya yi don gayu ne, to wannan da abin rufe fuskar da Turawa ke hana 'ya'yansu duk ɗaya ne. Ga bindigar roba ana harbin juna ana guje-guje.

Sai kuma jagora. A yawancin gidajenmu wadda ake damƙa wa ƙanne ita ce yayarsu, yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu, ta goya ɗaya ta riƙe biyu, ɗaya kuma na gaba yana tsalle-tsalle, a ce su tafi gidan gwaggo a Runjin Sambo daga nan su biya gidan kawu a Arkilla. Ita kanta yarinyar ba ta gama iya auna gudun mota ba, don yaro ƙarami yana ganin mota amma ba ya iya raba mai nisa da ke gudu da ta kusa da ke tafiya a hankali, kuma gajere ne, in ya tsaya bayan motar da ke fake shi bai ga titi ba direba bai gan shi ba. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne ko rashin ji, haka Allah ya yi yaro, duka ba ya gyara shi sai shekaru.

Akwai wani abu da iyaye ba su cika lura da shi ba, maganar kuɗin mota. Yaro in an ba shi barka da Sallah a gidan kawu, wannan kuɗin nasa ne, ya riga ya gama lissafin abin da zai saya, ba zai yarda ya ba mai kabu-kabu biyu ba in ɗaya zai iya kwashe su. Na tsaya kusa da wasu a bakin titi wajen Gawon Nama ina jiran mai faci ya gama min, su biyar, babbarsu na ciniki da wani mai kabu-kabu kamar wata uwar gida.

Ya ce mata, "Ke ɗiyar ga, ku biyar hwa ku ke, ku ɗauki mashin biyu."

Ta ce, "Kai dai Malam ka kai mu, dut ƙanana na, wanga shi hau bisa tanki."

Kuma haka aka yi. Ƙaramin a kan tanki ya riƙe madubi, uku a tsakiya an matse su kamar buhun albasa, ita a can ƙarshe rabin zamanta a kan kariya, hijabinta na lilo daf da taya. Mai facin ne ya daka wa mai kabu-kabun tsawa ya ce ta naɗe hijabin ta zauna a kai, ta naɗe, suka wuce. Mai kabu-kabun nan ya san ba daidai ba ne, da bakinsa ya faɗa, amma ranar Sallah ce kowa na neman na cefane. Shi ya sa a gidana kuɗin mota daban nake ba su a hannun babba, na zuwa da na dawowa, kuma na ce ko sisi aka rage aka yi lodi to barka da Sallar gaba ɗaya zan karɓe. Wannan barazanar ta fi duk wata nasiha aiki.

Maganar hijabi da gyale ba ƙarama ba ce, duk wanda ya daɗe a garin nan ya ji labarin wadda hijabi ya naɗe mata a tayar baya ko sarƙa ya fizgo ta ƙasa ta wuya. Dogayen hijaban nan har ƙasa da ake ɗinka wa yara na Sallah su ne suka fi haɗari, kafin mashin ya tashi a tattara shi a cusa a ƙarƙashin cinya. Sai salansa, yara nawa ne ke yawo da tabon ƙuna a ƙwauri na dama saboda ƙafarsu ba ta kai wurin takawa ba tana reto ta manne da ƙarfe mai zafi? Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin ba a gaskiya bai isa hawa bayan mashin shi kaɗai ba. Na kan tanki kuwa in aka taka birki da ƙarfi shi ne farkon wanda zai tashi sama, kuma in barci ya ɗauke shi a hanyar dawowa, wanda kullum sai ya ɗauke su don sun gaji sun ƙoshi, ba abin da ke riƙe da shi.

Hular kwano kam ban ma san ta inda zan fara ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta a ƙasar nan, masu shekaru za su tuna yadda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai, aka yi ta dariya har a kafafen labarai na waje, daga nan maganar ta bi ruwa. Ga camfin da aka yi ta yaɗawa wai in ka sa hular wani za a yi maka asiri. Yau in ka sa wa ɗanka hular kwano a Sakkwato kallon ka za a yi kamar ka zo daga wata duniya, alhali kai shi ne abin da in ya bugu ba mai ɗori da zai gyara.

Keke napep ya fi mashin dama-dama, in har za a zaɓa ni shi nake zaɓa wa yara, amma shi ma ba ƙofa gare shi ba. Ƙananan a tsakiya, manya a baki, kuma ba zama kusa da direba a wannan ɗan gefen kujerar da rabin jiki ke waje. In za a sauka a sauka ta dama, ɓangaren da ba titi ba, don mai mashin da ke biye ba ya jiran kowa. Kuma in an sauka a bari keken ya wuce tukuna a ga titi sosai kafin a tsallaka, ba a zagaya ta gabansa ba.

To masu motar gida kar ku ce kun tsira, ku ma ina da magana da ku, mu ma dai in ce. Ranar Sallah za ka ga mota an cika ta da yara har but a buɗe ƙafafu na reto, ko a-kori-kura an zuba su a baya suna tsaye suna waƙa, ko Alhaji na tuƙi da ɗan autansa a cinya yana riƙe da sitiyari ana ɗaukar bidiyo. Hajiya kuma a gaba da jariri a hannu ba bel. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma, wajen bene hawa uku ke nan, ba hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan lokacin duk son da take masa, fita zai yi ta gilashi ko ita ta danne shi da jikinta. Jakar iskar nan da ke fashewa a gaba kuma an yi ta ne don ƙirjin babba, yaro fuskarsa take samu. Shi ya sa FRSC ke cewa yaron da bai kai 12 ba wurinsa baya, kuma dokar bel ɗin nan tun 2003 ake tilasta ta, ba sabuwa ba ce. Kujerar jarirai ta mota na da tsada na sani, amma ana samun ta hannu, kuma mai iya sayen mota da shaddar Sallah ta gidan gaba ɗaya bai kamata ya ce ita ce ta fi ƙarfinsa ba. Makullin ƙofar baya da ke hana yaro buɗewa daga ciki ma yana nan a jikin ƙofar yawancin motoci, ɗan maɓalli ne, mutane da yawa ba su taɓa taɓa shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba yaro mota ranar Sallah. Ɗan shekara sha huɗu sha biyar, an ba shi makulli wai ya kai ƙannensa gidan kaka, ko ma ya ɗauka ba a sani ba, ya kwashi abokai a hau bai-fas ana tsere ana juyi da mota ana ta da ƙura mutane na ihu. Lasin tuƙi a Najeriya sai ka kai 18. Uban da ya miƙa wannan makullin ya san haka sarai, kawai dai yana ganin in an kama yaron waya ɗaya zai buga. Wayar ba ta dawo da ɗan mutane da aka take. Haka masu kilisa da dawaki a kan kwalta cikin taron yara, doki ba birki gare shi ba.

Ga wani lissafi da nake so kowane direba ya riƙe. Mota a gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ido ya gani ƙwaƙwalwa ta gane ƙafa ta kai kan birki an ci daƙiƙa guda ko fiye. Mai tafiya a 30 kuwa yana iya tsayawa cak a cikin wajen mita 13. Wato a daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ma fara taka birki ba, da cikakken gudunsa zai sami yaron. 50 ɗin nan kuma ita ce iyakar da doka ta yarda da ita a cikin gari, ba wai gudun ganganci ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ta kiran a mayar da shi 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Ita ce dai hukumar da ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma ba abin da ya fi haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Daga Fakon Idi zuwa gida, ko daga Dandima zuwa Gidan Man Ada, in ka sauko daga 50 zuwa 30 minti nawa ka rasa? Tuwon Sallah ba ya gudu. Da azumi ma haka, wannan gudun na minti goma kafin kiran salla kowa na son ya sha ruwa a gida, ka ajiye dabino da ruwa a mota mana.

Wani wurin da ba a kawowa a rai shi ne ƙofar gida. Baƙi sun zo, yara sun cika tsakar gida da waje, mai gida ya shiga mota ya sa ribas, ɗan shekara biyu na tsugune a baya yana tsintar alewa, madubi ba ya nuna shi. Kafin ka tayar ka zagaya motar da ƙafarka, ka sa wani ya tattara yaran wuri ɗaya inda kake ganinsu.

Na yi wannan maganar da Inna, ta ce min, "Kai dai ka cika tsoro, mu da munka yi yawon Sallah har Hubbare da ƙahwa mi yas same mu? Tsautsayi ba ya wuce rana tai." Na ce Inna lokacinku motocin garin nan gaba ɗaya ana iya ƙirga su, jakai da raƙuma sun fi su yawa, yanzu kowane lungu mashin ne. Ba ta yarda ba amma dai ta bar jikokin sun tafi da ƙanena a keke biyu.

In kuma abin ya riga ya faru, Allah shi kiyaye, lambar FRSC 122 ce kyauta, akwai kuma 112 ta gaggawa, a sa su a waya tun yanzu. Yaron da mota ta buge kar a fizge shi a saɓa a kafaɗa ana gudu ana jijjiga shi, in wuya ko baya ya taɓu wannan ɗaukar ce ke ƙarasa shi, a kwantar da shi a miƙe a riƙe kai kar ya juya. Kar a ɗura masa ruwa. In ya tashi ya ce ba komai amma kansa ya bugu, a kai shi asibiti duk da haka, musamman in ya fara amai ko barci na fizgarsa ko yana magana ba kan gado, don jini na iya taruwa a cikin kai a hankali yaro na wasa. Karaya ma a fara yin hoto kafin a ce za a wurin mai ɗori. Sannan jama'a a daina rufar wa direba da duka, wannan ne ke sa wasu in sun buge mutum su ƙara wuta maimakon su tsaya, alhali sau da yawa motarsa ce mafi kusa da za ta kai yaron asibiti. Ƙananan da ba su iya faɗin unguwarsu ba kuma a rubuta lambar wayar babansu a takarda a sa masu a aljihu ko a manna a cikin hula kafin su fita, don ranar Sallah da daddare cigiyar yara ba ta ƙarewa a gidajen rediyo da masallatai.